Ido Ɗaya na Yaya

A asibitin, Anti Mai Lissafi ake kiranta. Ɗakinta ba taga, sai kwamfuta da hotunan cikin jikin mutane. Aikinta tsara hasken da ake ƙona ciwon daji da shi: ta raba shi siri-siri ta kusurwa daban-daban, ya yi ƙarfi a kan ƙarin, ya sassauta inda nama ke da lafiya.

Wata rana hoton kan yayanta, wanda tela ne, ya zo gabanta. Ƙarin ya naɗe jijiyar idonsa na hagu. Ta juya lissafin ta kowace fuska, ya ƙi. In ta kare idon, ƙarin zai tsira.

Da bakinta ta gaya masa.

Ya yi murmushin yaƙe. "To ƙanwata, bar min ɗayan. Da ma sai na rufe ido ɗaya nake sa zare a allura."

Idon ya mutu. Bayan shekara biyu ciwon ya ɓullo a huhu, ya rasu. Har yau tana wannan ɗakin, sai dai yanzu ita kaɗai take cin abincin rana.