Karan da Muka Feƙe

A makarantar fasaha da ke hanyar Gezawa, Malamin gini ya ce mu haɗa ƙaramin ƙwarangwal ɗin rufi, irin wanda kafinta ke ɗora kwano a kai, amma da karan dawa da gam. Za a rataya masa bokiti a zuba yashi. Wanda nasa ya karye kafin yashi ya kai jan layin da ke cikin bokitin, ya faɗi.

Ni kuwa Baba ya riga ya gaya min, in na sake faɗuwa, ga fartanya can a zaure tana jirana.

Aka haɗa ni da wani ɗan Ungogo mai jin kansa ɗan birni saboda ya iya sauka daga adaidaita tana tafiya. Mu biyu duk motar kara muka taso muna ƙerawa, kuma a motar kara feƙe ɓawon ake yi, a bar totuwa fara tas. Hannu ya saba. Sai da muka feƙe karan sama gaba ɗaya muka ga lokaci ya kusa ƙurewa, sauran muka manna su da ɓawonsu. Abu ya yi kyau kamar kayan lefe.

Ranar gwaji aka gicciya shi tsakanin benci biyu. Malam ya shafa karan sama da yatsa, ya dube ni. Wannan kallon ya fi bulala.

Ɗan Ungogo ya fara zuba yashi da gwangwani.

"Sannu-sannu mana," na ce. "Ba tuwon gidanku kake zubawa ba."

"Ka yi min shiru, kai."

Yashi bai kai rabi ba muka ji ƙas. Wani a baya ya ce a fara haƙa kabari. Babu wanda ya yi dariya, har ni.

Malam ya ɗaga hannu. "Tsaya. Kai mai surutu, wannan ba zai kai layi ba, ka sani na sani. Nuna min inda zai karye, ka faɗi dalili. In ka dace, kun haye."

Kowa idonsa na ƙasa, wajen igiyar bokiti. Ni ma can yatsana ya nufa. Sai na tuna yadda ƙanena yake taka min mota: totuwa ba ta tsinkewa, lanƙwashewa take in an matse ta.

"Nan sama, Malam, tsakiya. Na ƙasa jan sa ake yi, kuma yana da ɓawo. Wannan matse shi ake, ga shi tsirara."

"Zuba."

Gwangwani ya tafi, ya dawo. Farin karan ya turo ciki a hankali, daidai inda na nuna, sai bokiti ya dira ƙasa.

Malam ya kakkaɓe yashi daga takalminsa. "Kun haye. Ku share ajin."

Da na koma gida fartanyar tana nan a zaure. Na gaishe ta, na wuce.