Injin Sharar Baba Elias Mara Burushi

Shagon Baba Elias yana Dogarawa, tsakanin mai gyaran takalma da wata mai sayar da garin kwaki. Fanka yake gyarawa, da dutsen guga, da injin markaɗe. A Sabon Gari aka haife shi. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne da ya zo daga gabas, shi kuwa Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da yaren Ibo, abin da matarsa Nwamaka take yi masa gori a kai har yau. Dogo ne, da ɗan ranƙwafawa, kuma ba ya iya magana sai da sukurdireba a hannu yana nuni da ita.

Tun yana saurayi yake zuwa Samaru yana sayen kayan wutar da malaman jami'a suka zubar in za su tashi daga gida. A nan ya fara cin karo da injin shara, irin mai zuƙe ƙura, mai burushi a baki yana juyawa. Ya haɗa guda mai aiki daga gawarwakin wasu, kuma da shi ya samu aikin da ya fi alfahari da shi: share dardumai da kafet na Gwaggo Bilkisu.

Gwaggo ƙanwar babana ce. A Jushi take, tana ba da hayar shimfiɗun biki da walima. Layi ɗaya suka tashi da Baba Elias, don haka Iliya take ce masa, shi kuma ya ce mata Hajjaju. Idan shimfiɗu suka dawo daga biki, a Keke Napep ake kai su shagonsa, ya share a bayan shago, a mayar. Ni nake raka su tun da na gama karatu a Samaru na dawo zaman jiran aiki. Ina zama a benci ina kallo har ya gama.

Damuwar ita ce burushin. Shimfiɗar biki ba ƙura kawai take kwasowa ba. Akwai rairayi, da shinkafa, da zaren leshi, da gashin kanti da ke zuba daga kitson 'yan mata. Duk sai su naɗe a jikin burushin har ya tsaya, bel ɗin da ke juya shi ya fara warin roba, Baba Elias ya durƙusa da reza yana yanka yana tsaki. Abin da ya fi wannan muni, burushin yana cin gezar dardumai. Ranar da ya tsinke gezar wata jar darduma da Gwaggo ta sayo a Makka, da kanta ta zo shagon.

"Iliya, shara na ba ka ko aski?"

"Hajjaju, ba ni ba ne, burushin ne."

"To burushin na ba wa aiki? In ya ƙara cin mini geza, wallahi na koma wa tsintsiya. Tsintsiya ba ta taɓa yi mini haka ba."

Bai yi dariya ba. Aikin Gwaggo ne yake sa a Dogarawa ake ce masa mai injin shara, a bambanta shi da sauran masu gyaran fanka da ke kowane layi. Bayan ta tafi ya daɗe yana juya kan injin a hannunsa, sannan ya ce da ni, "Malama, wai dole sai an karci abu kafin ya tashi? Guguwa tana ɗaga leda har sama, da wane burushi?"

Washegari ya cire burushin, ya yanke mazauninsa da zarto.

Abin da ya biyo baya watanni ne na ɓacin rai. Ya sayo bututun roba na masu aikin famfo, ya gasa a wuta, ya danne shi ya yi faɗi, ya tsaga baki. Da ya tsaga siriri, sai bakin ya manne da darduma ya ɗago ta gaba ɗaya kamar zai haɗiye. Da ya faɗaɗa, iskar ta rasa ƙarfi, ko ƙwayar gero ba ta ɗauka. Ya huda ramuka a gefe don iska ta shigo, injin ya kama fito har mai garin kwaki ta leƙo tana tambaya ko agwagwa yake yankawa. Wani lokaci yana dab da gane wani abu sai a ɗauke wuta, ya zauna riƙe da bututu yana harar ƙwan fitila. A tsawon wannan lokaci da tsohon kan inji na aro yake lallaɓa aikin Gwaggo, yana naɗe geza da tsumma kafin ya fara.

Mama Nwamaka ta gaji. "Fankokin mutane sun cika shago, kai kana nan kana wasa da fayif. In sun zo ni zan ce musu me?"

"Ki ce musu iska nake gyarawa, ai duk ɗaya ne."

"Allah ya shirye ka, Elias."

A ƙarshe ya gano cewa ramukan ba a miƙe za a huda su ba, a karkace ne, duk suna fuskantar gefe guda. Ta haka iskar da ke shigowa takan juya a ƙarƙashin bakin, ta tayar da rairayin da ya nutse cikin gashin darduma, zuƙar injin kuma ta kwashe. Na gani da idona. Ya zuba rairayi da gero da guntun gashi a kan wata tsohuwar darduma, ya tattake da ƙafa, ya bi ta kai sau ɗaya, wurin ya fito fes. Ya bi ta kan geza, gezar ta ɗan yi rawa ta koma ta kwanta. Ya kashe injin, ya share hannu a wando, ya ce, "Je ki gaya wa gwaggonki."

Gwaggo ta ce ba ta yarda da labari ba, a zo gidanta a yi a gabanta. Akwai shimfiɗun da suka dawo daga wata walima, kuma da yamma za a ɗauke su zuwa wani ɗaurin aure.

Da hantsi muka isa Jushi, shi da injinsa a cinya cikin Keke, ya sa rigarsa ta zuwa coci. An baje shimfiɗu a tsakar gida. Gwaggo ta kira maƙwabta mata, sun jeru a inuwa a kan kujerun roba. Akwai wuta, wadda rashinta ne abin da ya fi jin tsoro a hanya.

Ya kunna, ya tura bakin a kan babban kafet mai ruwan ƙasa. Shinkafar da ke sama ta tafi. Rairayin bai motsa ba. Ya sake bi, a hankali. Ya sake. Muryar injin ta fara sauyawa, tana yin nauyi kamar mai mura, a bayan bakin kuma wani baƙin layi yana fitowa a kan kafet ɗin. Wata daga cikin matan ta ce, "Wannan shara yake ko fenti?" aka kwashe da dariya.

Ya kashe, ya buɗe jakar ƙura. Taɓo ne a ciki, ya liƙe yadin jakar, iska ba ta da hanyar fita. Ya durƙusa ya dafa kafet ɗin da tafin hannu, ya ɗago yana kallon Gwaggo.

"Hajjaju, ruwa aka zuba?"

"Yayyafawa na yi. Ina aka taɓa shara ba a yayyafa ruwa ba? So kake ka tayar mini da ƙura a kan baƙi, ga shanyar mutane?"

"Wannan ba ya tayar da ƙura! Shanye ta yake yi! Iska ba ta ɗaga jiƙaƙƙen rairayi, Bilkisu!"

Ban taɓa jin ya kira sunanta ba sai ranar.

"To ka gaya mini? Ka ce in zo in gani, ka ce kar in yayyafa?"

Bai gaya mata ba. A bayan shagonsa babu mai yayyafa komai, shi ya sa abin bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ita kuwa tun tana yarinya ba ta taɓa ɗaukar tsintsiya ba sai da kwanon ruwa a ɗaya hannun, kuma da safen nan duk shimfiɗun ta bi ɗaya bayan ɗaya tana yayyafawa, don ta kyautata masa.

Ya roƙe ta a bar su a rana su bushe, shi kuma ya wanke jakar ya shanya. Ta ɗaga kai ta dubi sama. Hadari yana haɗuwa ta gabas, masu ɗaurin aure kuma ba za su jira ba. Ta kira mata biyu daga cikin maƙwabtan, aka ɗauko tsintsiyar kwakwa. Baba Elias yana tsaye da jakar taɓo a hannu suka sunkuya, suka share kafet ɗin tas, har da baƙin layin da injinsa ya bari.

Da za mu fita Gwaggo ta biyo mu zaure, muryarta ta sauko.

"Iliya, ka mayar da burushinka kawai. Gezar ni zan riƙa ɗinkewa."

"Babu inda zai zauna. Na yanke wurin."

"To ka nemo wani kan."

"Ki ba ni shimfiɗa ɗaya busasshiya. Ɗaya kawai."

"Kullum sai na tsaya gadin kafet kar ruwa ya taɓa shi? A biki ana zubar da zoɓo, ana zubar da kunu, yara suna fitsari. Wace shimfiɗa ce take dawowa a bushe?"

Ya dubi jakar taɓon da ke hannunsa. Na ga a fuskarsa cewa wannan ma bai taɓa lissafa shi ba.

Tun daga ranar matan nan biyu ne suke yi wa Gwaggo shara, Keke bai ƙara sauke shimfiɗa a Dogarawa ba. Ya mayar da kan aron ga mai shi, bai nemo wani mai burushi ba. Da na bi ta shagon kwanakin baya, na same shi a baya da butar ruwa, yana jiƙa tsohuwar dardumarsa da kansa. A gefensa akwai bokitin fenti da ya huda wa murfi, yana so taɓon ya riƙa faɗawa ciki kafin ya kai jaka. Ya kunna, murfin ya lotsa, bokitin ya kife. Daga cikin shago Mama Nwamaka tana kiransa, wai mai fanka ya zo karo na biyu.

"Ce masa ya zauna," ya ce, ya sunkuya ya ɗauki bokitin.