Taki Biyu, Suna Ɗaya

Shekarun da ake shirin sauya wa garinmu suna ya koma Suleja, Baba yana da gona a Maje. Duk bayan girbi wani Bafulatani, abokinsa tun suna samari, yakan kawo shanunsa su yi rani a ciki, su ci kara, su bar masa kashi. Aikin da wahala. Sai an bi an watsa kashin, ga ciyawar da yake haifarwa, noma uku ba ya isa. Amma ƙasar baƙa ce mai laushi, dawa ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Da kaka na dawo daga karatu a ƙasar waje, na sayo masa buhu biyu na takin zamani. Na ce, "Baba, an wuce wannan wahalar. Bana a sallami shanu."

Ya juya fararen ƙwayoyin a tafinsa. "Wannan gishirin?"

"Taki ne, Baba."

"Taki dai?"

"Taki."

Ya sallami abokinsa, don kada a ce ɗansa ya yi ilimi amma shi ya ƙi jin maganar ɗan. Ni kuwa na wuce Legas wurin aiki ban nuna masa awo ba.

A Turanci da Faransanci kashin shanu da na buhu kowanne da sunansa. Mu duka taki muke cewa, kuma a sanin Baba taki ba ya yawa. Da damina ta zauna ya bi dawarsa yana zuba na buhun, cike da hannu, a kowane gindi, har yana taɓa karan. Cikin mako ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Shekarar nan sayen hatsi muka yi.

Bai yi mini faɗa ba. Da rani ya taka har wajen Tafa neman abokinsa, ya tarar ya riga ya yi wa wani manomi alkawari. Sun gaisa, sun sha nono, shanun ba su dawo ba.

Da na zo hutu na same shi a hanyar gona ɗauke da kwandon kashin awaki a ka, wuyansa na rawa. Na miƙa hannu zan karɓa.

Ya ce, "Bari, Malam, kada ka ɓata rigarka."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar.