Guguwa da Tulu

A Kore Mairuwa in ka ce Sulemanu mai amalanke kake nema, sai a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Guguwa, ko akuya ta nuna maka gidansa.

Daga wani fim ya samo sunan, irin na jaruman nan masu tashi sama, wanda aka fassara da Hausa. Jarumin dogo ne siriri mai jan ƙyalle a wuya, in ya ware hannu iska ta yi awon gaba da azzalumai. Yana da wani abokin tafiya, gajere mai tumbi, Tulu, wanda ba shi da aiki sai ɗaukar jaka da faɗawa rami. Ranar da aka fara nuna fim ɗin a rumfar kallo, mutane suka dubi Sulemanu, suka dubi taubashinsa Yazid mai sayar da wake, rumfa ta kece da dariya. Tun daga nan dogon ya zama Guguwa, gajeren ya zama Tulu.

Yazid wasa ya ɗauki abin. Sulemanu kuwa sarauta ya ɗauke shi. Ya shafa wa amalanke jan fenti, ya ɗaura ƙyalle ko da zafin bazara, ya haddace maganganun jarumin har jakinsa ya gaji da ji. Ba filin kirki gare shi ba, bai taɓa zuwa ko Yamai ba, amma yana da sunan da yara ke bi da gudu. Duk inda ya ga Yazid, ko gaban surukansa ne, sai ya ce, "Tulu, ɗauko jaka." Yazid ya yi dariya, don tsakanin taubasai ba a fushi.

Shekaru suka tura. Wata kaka Yazid ya dawo daga cirani a Kwatano da kashi na biyu na fim ɗin cikin wayarsa. Wannan kaɗai ya tsaya wa Sulemanu a rai: a ce Tulu ya riga Guguwa ganin Guguwa.

"Taho ka gane shi kai ɗai tukuna," in ji Yazid. "Akwai abin da ni ka so ka sani."

"Kai za ka gwada mini Guguwa?" Sulemanu ya ce. "Aje wayarka. Gaban jama'a za ni kallo nai."

Shi da kansa ya baza labari har Tibiri. Ya yi jigilar benci zuwa rumfar kallo kyauta, ya ɗinka sabon ƙyalle, ya zauna a layin gaba bayan la'asar yana amsa gaisuwa kamar ango.

Da aka kunna, sai ga Guguwa da furfura, yana ɗingishi. Sulemanu ya ce dabara ce, a jira. Abokan gaba suka yi wa jarumin dukan kawo wuƙa, Sulemanu ya ce a dai jira. Can sai tsohon ya kwance ƙyallen da hannunsa, ya ɗaura wa Tulu, ya ce daga yau kai ne Guguwa. Gajeren nan ya tashi sama da tumbinsa, ya share azzalumai kaf. Rumfa ta ɗauki sowa, samari suka ciccibi Yazid. Wani ya leƙo fuskar Sulemanu ya ce, "Tsoho, a miƙa ƙyalle mana."

Daga ranar, babu mai sukar fim ɗin irin Sulemanu. Ya ce masu fassara ne suka ɓata shi. Ya ce Nasara sun ƙare basira. Ya ce ina aka taɓa ganin iska ta ɗauki tulu? Wasu maganganun nasa ma da gaskiya a ciki, amma kowa ya san ba fim ke cinsa ba. Hassada ce ƙiri-ƙiri. In ya ji yara na kiran sunan a ƙofar Yazid, sai ya kaɗa jaki ya sake hanya. Ga shi ba damar faɗa, wa zai kai ƙarar taubashi a kan wasan da shi ya fara?

Ranar kasuwa wani baƙo daga Ɗan Kassari ya sauko daga mota da buhun wake da wata jakar tafiya.

"Mai amalanke, kai mini wanga kaya wurin Guguwa."

Zuciyar Sulemanu ta yi fari. Ya gyara ƙyalle, ya buɗe baki.

"Wani gajere mai tumbi," baƙon ya ƙara. "An ce kowa ya san shi."

Sulemanu ya ɗora buhu, ya kora jaki. A rumfar wake ya sauke, ya saɓo jakar a kafaɗa, ya tsaya gaban Yazid. 'Yan kasuwa suka zuba ido, baki a washe, suna jiran maganar da kowa ya san ita ce ta dace, wato Yazid ya kira shi Tulu. Shi ma Sulemanu ita yake jira. Da an faɗe ta, da ya yi dariyar dole, ya rama, wasa ya ci gaba.

Yazid ya dubi jakar, ya dubi ƙyallen da ya fara koɗewa. Ya miƙe ya karɓi jakar da hannu biyu.

"Sannu da aiki, Sulemanu," ya ce a hankali.

Zagi bai taɓa yi wa Sulemanu ciwo kamar wannan ladabin ba. Ya koma kan amalanke, ya kwance ƙyallen ya share zufa da shi, ya cusa a aljihu.