Keken Inna

Duk shekara, bayan alhazai sun watse, haris, wato mai gadin wani bene a unguwar Aziziyya da ke Makka, yakan fito da abin da suka bari ya zube a bakin ƙofa: barguna, fulas, tukunyar lantarki. Mu matan unguwar Misfala mukan je wawaso. Dokar guda ce: abin da kika riga kowa rufewa da mayafinki, ko kika zauna a kai, naki ne.

Ni ban taɓa samun abin kirki ba. Kafin in ce "don Allah a matsa", an kwashe. Maƙwabciyata Basakkwata takan ce, "Ke bakinki sanyi, hannunki sanyi. Buta ma sai an tausaya miki."

A shekarar da nake faɗi, keken tura marasa lafiya nake nema. Gwiwoyin Inna, mahaifiyata, sun gaza, ta daɗe ba ta ga Ka'aba ba, ga ta kusa da mu. Ba wanda zan bar ta da shi a gida, sai na sa ta a tasi muka tafi, na jingine ta da bango.

Mutanen Holan ne suka sauka a benen. Wata matashiya cikinsu da ke jiran mota ta ga yadda ake turereniya, ta ce da ni cikin Larabcinta mai tsami, a can suna da wata kalma ta 'yan titi, ta masu fasa kantuna su kwashe kaya. Na ce, "A'a 'yata, wannan kyauta ce, gudu kawai ake haɗawa da ita."

Ina cikin wannan bayani haris ya turo keke. Mata biyu suka jefa mayafi lokaci guda, ɗayarsu maƙwabciyar tawa. Suka juya suna rantse-rantse, kowa na kiran shaida. Na ce shi ke nan, bana ma na rasa.

Sai na ji muryar Inna: "Wash! Allah ya yi wa mai kujerar nan albarka."

Tsayuwa ce ta gajiyar da ita, ta lallaɓa ta zauna a kan keken, har da mayafan nasu a ƙarƙashinta.

"Inna, tashi, nawa ne!" in ji ɗayar.

"Ɗaga ni to, 'yar nan."

Maƙwabciyata ta yi dariya har da riƙe ciki. "Halas, tsohuwa ta ci mu. A ba ni mayafina dai."

Washegari da la'asar ita ta taya ni tura Inna ɗawafi, tana mitar cewa ƙafar hagu ta keken na ƙara.