Tsohuwar Ƙanƙara

Na daɗe ina sayar da kindirmo a unguwar Mayo Gwoi ta Jalingo, ba wanda ya taɓa cewa cikinsa ya murɗa. Daga wajen garin Mutum Biyu ake kawo mini madara. Ina tafasa ta sai ta taso sau biyu. Ƙwaryata kuwa, ko ƙuda ya sauka sai ya zame.

Sai ga shi cikin damina guda mata uku masu ciki sun kwanta da zazzaɓi, biyu a unguwar Turaki, ɗaya a layinmu. Ta layinmu 'yar ƙanena ce, a bayana ta girma. Cikinta ya tsufa. Aka ce maleriya ce, aka yi ta allura, zazzaɓi ya ƙi sauka. Ita dai ta tashi. Ɗan bai zo da rai ba.

A asibiti aka tambaye su abin da suke ci, duk ukun suka ambaci kindirmona. Washegari na dawo da bokitina yadda na fita da shi. Ƙanena kuwa, gaisuwarsa ce kawai ta gajarce. Da ma zagina ya yi.

Bayan kwana biyu wata ma'aikaciyar lafiya ta zo, siririya, da safar hannu da auduga a kan tsinke. Ta goga ƙwarya, ta goga ludayi, ta goga tukunya. Har firiza ta buɗe.

Firizar nan tawa ce, amma ta kowa ce. Maƙwabciyata mai kifi tana sa nata, matar mahauci tana sa ragowar nama. Kuma ba ma wanke ta. A garin da wuta ke zuwa kamar baƙon da ya yi ɓatan hanya, ƙanƙarar da ta daskare a jikin firiza dukiya ce. Ita ke riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. Ta ɗan narke, ta sake kamawa, shekara da shekaru. Duk wadda ta ce a narkar a wanke, ni ce ta farko da ke hana ta.

Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, sunan ƙwayar cutar listeriya."

"Ban san ta ba. Me za ki gani a audugar nan? Fara ce tas."

"Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da rubutun asalinta a cikin jikinta. Akwai na'urar da ke karanta shi tun daga farko har ƙarshe. An samu ƙwayar a jinin matan nan. In an samu wata a gidanki, sai a karanta duka a gwada."

"Wato cuta ma tana da dangi?"

"Sosai. Yadda Bafulatani ke gane 'yar saniyarsa a garken wani."

"To karanta in ji."

"Na'urar ba a Jalingo take ba, Mama. Sai an aika."

Aikawar nan ta kusa kashe ni. In je ofishinsu, a ce in yi haƙuri. In koma, a ce ba a kira daga can ba tukuna. Na ce musu haƙurin nan a wace tukunya ake dafa shi? A unguwa kuwa kowa ya zama likita. Wannan ta ce jifa aka yi mini, waccan ta ce Fulanin ne ke zuba ruwan rafi a madara. Ni abu ɗaya nake so a gaya mini: hannuna ne ya kashe jikana, ko ba shi ba ne?

Sai da gero ya fitar da kai sannan ma'aikaciyar ta dawo. Ta zauna a kan turmi.

"Ƙwaryarki lafiya. Tukunya lafiya. Madarar ma ba komai."

Na jawo mayafina zan tafi gidan ƙanena in wanke kaina.

"Zauna, Mama. An same ta a firiza, cikin ƙanƙarar. Da ita da ta jinin matan, gidansu ɗaya."

"Ke yarinya, sanyi ne ke kashe cuta. Kowa ya san wannan."

"Ban da wannan. A ƙanƙara kwanciya kawai take yi. In ta ɗan narke, sai ta tashi ta hayayyafa. Ruwan ɗanyen nama da na kifi suna tsiyaya a ciki. Abin da ban gane ba, bokitinki a rufe yake. Ta ina ta shiga?"

Ita ba ta gane ba. Ni na gane.

Mai ciki tana son sanyi. Idan ta zo tana haki, nakan ɗauki wuƙa in ɓanɓaro ƙanƙara daga jikin firiza in jefa mata a kofi. Gyara ne, ba na yi wa kowa. 'Yar ƙanena ta fi kowa samu.

Na gaya wa ma'aikaciyar. Ta rubuta, ba ta ɗago kai ba.

Tana fita na zare wayar firiza, na fito da kayan mutane na jera a tsakar gida, na ɗora ruwan zafi. Mai kifi ta shigo tana ihu.

"Kin haukace? Ƙanƙarar shekaru za ki zubar? Yau ma ba wuta!"

"Ɗauki kifinki."

Da hantsi na fara, sai azahar na ga ƙasan firizar. Abin da ke kwance a wurin ba zan faɗa ba.

Daga nan na wuce gidan ƙanena. Yana zaune a ƙofa, ya ce, "Adda," yadda ƙane ke kiran yayarsa a wajenmu. Na ce ba wurinsa na zo ba. Na samu 'yar tasa a ɗaki tana ninke kayan jaririn da ba a sa ba. Ban yi kwana-kwana ba. Na gaya mata ba jifa ba ne, ba Fulani ba ne, ƙanƙarar da nake sa mata ce.

Ta daɗe tana kallon kayan.

"Goggo, ai ni nake cewa ki ƙara mini."

"Ke kika roƙa. Ni na bayar."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban nema ba. Ta matsa mini a kan tabarma, ta miƙo mini wata 'yar riga. Na karɓa na ninke.