Kwalbar Manjan Da Abdussalam Ya Ƙwace

Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Maris na 2016, ina zaune a ƙofar zaurena a Tudun Gawo, cikin ƙasar Makoɗa, wani ɗan acaɓa ya tsaya ya kashe babur ɗinsa, ya durƙusa ya ce mini Allah ya yi wa Malam Abdussalam rasuwa a Kano bayan jinyar mako biyu. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na sake faɗa. Ƙafafuna ba su kai ni jana'iza ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami don in faɗi abin da ya wajaba a kaina.

Abdu, ni na koya maka baƙi da wasali a firamaren garin nan, lokacin ina sabon malami kai kuma kana yaro mai yawan tambaya. Ka wuce ni a karatu nesa ba kusa ba, ka zama malamin kimiyyar sinadarai a sakandare, amma har ka bar duniya ba ka taɓa shigowa zaurena da takalmi ba. Waɗanda ka koyar za su faɗi nasu. Ni abin da na sani shi ne bazarar 1984.

Matasan yanzu da ke kukan tsadar hatsi suna da gaskiya, amma ba su ga waccan shekara ba. Daminar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Kafin bazara rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun gudu. A gidana muna cin tuwo sau ɗaya, wata rana tafasasshen zogale da gishiri kawai. A cikin wannan hali aka raba mana irin gyaɗa daga ofishin gona, kowane magidanci ɗan ƙaramin buhu. An cuɗe irin da maganin ƙwari mai jan launi don kada gara ta cinye shi a ƙasa. A jikin buhun an rubuta gargaɗi ƙarara cewa ba na ci ba ne. Na karanta da idona, domin ni ne mai karanta wa mutanen unguwa takardu.

Mai ɗakina, Luba, ta dubi yara huɗu, ta dubi buhun, ta ce, "Malam, in na wanke fa?" Ta wanke sau bakwai, tana sauya ruwa, har jan ya fita tas, ruwan ƙarshe ya fito fari kamar na rijiya. Mu mutane ne da muka taso da sanin cewa ruwa shi ke tsarkake komai, kuma ga shaida idonmu ya gani. Na ce mata to. Wannan "to" ɗin tawa ce, ba ta kowa ba.

Ranar Asabar ta soya gyaɗar, ta niƙa, ta zauna matsar mai don ta yi wa yara ƙuli-ƙuli. Ashe kwana biyu tana ba su rabonta tana cewa ta ƙoshi. Tana aiki tana jefa tunkuza a baki a kan cikin da ba komai. Kafin azahar ta fara amai, sai ta faɗi gefen turmi tana jijjiga, kumfa na fita a bakinta.

Gida ya cika da mata. Goggona Hure, wadda ita ce babba a dangi, ta aika aka kawo kwalbar manja, domin abin da muka gada ke nan: wanda ya sha guba a ɗura masa manja ko madara. An riga an ɗaga kan Luba, an sa cokali a tsakanin haƙoranta, sai ga ka. Ka zo hutun ƙarshen mako ne ka ji kururuwa. Ka dubi buhun da ke yashe a tsakar gida, ka dubi turmin, ka yi tsalle ka fizge kwalbar daga hannun Goggo.

Goggo ta ce, "Kai ɗan nan, bokon ne ya taɓa maka kai? Za ka mayar da yaran mutane marayu?"

Ka ce, "Inna, ki gafarce ni. Wannan man shi zai kai gubar cikin jininta."

"Tun ba a haifi ubanka ba muke ba da manja!"

Na ce ka mayar mata. Ka ƙi. Na sake faɗa, ka ɓoye kwalbar a bayanka kamar yaro. A gaban matan unguwa na ɗaga hannu na mare ka, kana magidanci mai 'ya'ya biyu. Ba ka ko shafa kuncin ba. Ka ce, "Malam, sauran ka ajiye mini sai mun dawo. Yanzu kama mini ita."

Ka yage takardar jikin buhun ka cusa a aljihu, ka ce a kwashe duk abin da ke cikin turmi da kasko a binne, kada yaro ko akuya su taɓa. Muka ɗaure Luba a tsakaninmu da rawanina a kan babur ɗinka, kanta a karkace yadda ka ce, muka bi ta cikin yashi har asibitin Ɗambatta. Likita ya karanta takardar, tambayarsa ta farko ita ce ko an ba ta mai ko madara. Ka ce a'a. Ya ce to akwai fata. Kwana shida ta yi a kwance, a na bakwai ta nemi koko. Da muka dawo na tarar da rabin buhun gero a zaure. Na san daga gidanka ya fito, na kuma san ba rara gare ka ba.

Kunya ta hana ni tambayarka dalili sai bayan wata shida. Ranar da na tambaya, ka aika a kawo buta biyu, ɗaya da ruwa ɗaya da kananzir, da matajin roba. Ka ce gara da na bari sai yanzu da iska ta bushe, da damina abin da za ka gwada mini ba ya nunawa sosai. Ka goga matajin a gashin kanka, ka tsiyayo ruwa siriri, ka kawo matajin kusa. Sai ga ruwa ya lanƙwaso yana bin mataji. Ka yi haka da kananzir, ya zuba miƙe abinsa, ko a jikinsa. Goggo Hure tana leƙe daga bakin ƙofa ta ce, "Au, har da tsatsuba ake koya muku?"

Sai ka tsinto 'ya'yan magarya da tsinkayen tsintsiya ka fara haɗawa. Ka ce kowane abu an gina shi da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kowace ƙwaya kuma 'yan zarra ne riƙe da juna. Don a gane halin ƙwaya tambaya biyu ake yi. Ta farko, a cikin masu riƙon akwai wanda ya fi ɗan'uwansa ƙarfin ja? Ta biyu, yaya aka jera su? Ka ce in tuna mangala a bayan jaki. Ko kayan sun kai nauyin me, in dama da hagu sun yi daidai, ba ta rinjaya. Ka jera 'ya'yan magarya uku a miƙe, ka ce ga iskar da ke fita in an ƙona gawayi: na gefe biyu suna ja da ƙarfi, amma wannan gabas wancan yamma, sai jan ya kashe juna. Ka lanƙwasa tsinken kamar gwiwar hannu, ka ce ga ruwa: jan duka ya taru gefe guda, ƙwayar ta yi rinjaye, shi ya sa mataji ya kira ta ta amsa. Mai da kananzir kuwa masu riƙonsu kusan ƙarfinsu ɗaya, babu rinjaye.

Ka ce mai rinjaye da mai rinjaye suke cuɗanya, marar rinjaye kuma da irinsa. Jan launin nan na ɓangaren ruwa ne, shi ya sa ya bi ruwa ya tafi. Gubar kuwa ta ɓangaren mai ce. Gyaɗa kuma gidan mai ce, don haka ta shige ciki ta zauna, ko wanki ɗari aka yi ba za ta fito ba. Da an ɗura wa Luba manja, da ya narkar da sauran da ke cikinta ya miƙa wa jini. Na zauna ina kallon 'ya'yan magarya a ƙasa, ni da na karanta gargaɗi na fi yarda da idona. Goggo ba ta taɓa sallamawa ba. Har ta rasu cewa take, "Da sauran kwananta ne kawai." Kai kuma ka ce, "Gaskiyarki, Inna," ka ba ta goro.

Na nemi gafararka a kan marin nan ba sau ɗaya ba. Kullum sai ka yi dariya ka ce, "Haba Malam, bulalar aji uku ta fi shi zafi, ita ba ka nemi gafara ba." Ban taɓa jin ka ba wa wani labarin ba. Matan da suka gani kuwa yawancinsu sun riga mu, shi ya sa na rubuta da hannuna, don kada ya bi ni kabari.

Luba ta rasu shekara uku da suka wuce. Yara sun watsu neman abinci, wasu Kano wasu Legas, gidan ya rage daga ni sai rediyo. Kai ne kake zuwa duk Juma'a bayan masallaci, da ƙullin magani na ciwon gwiwa da ɗan tsire a takarda, ka zauna ka saurari labaran da na riga na ba ka sau goma. Juma'a biyu ban gan ka ba, na ɗauka hidima ce ta riƙe ka. Ashe ka hana a gaya mini kana asibiti don kada in ce sai na zo.

Hajiya Asama'u, mai ɗakin Abdu, ke da Furera da sauran yara, ina yi muku ta'aziyya, ina kuma yi wa kaina. Ku yi haƙuri da rashin ganina a zaman makoki, jiki ne ya ƙi. Ina so ku san abin da maigidanku bai faɗa muku ba. Luba ta ƙara shekara ashirin da tara a duniya bayan ranar nan. Ta aurar da 'ya'yanta huɗu da hannunta, ta ƙara haifar biyu, su kuma biyun nan yau suna da 'ya'ya tara. Mutum goma sha ɗaya ke nan da ke yawo a bayan ƙasa, waɗanda Allah ya sa hannun Abdussalam ya zama sanadin zuwansu. Na aika wa kowannensu da sunan Abdussalam da na mahaifinsa, don su sa shi a addu'a.

Ya Allah, bawanka Abdussalam ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa ilimin da ya bari ya riƙa isa gare shi. Ya ɗauki mari don ya ceci rai bai nemi ramuwa ba, Ka saka masa da abin da ni ba ni da shi. Ka ba iyalinsa dangana, Ka rufa musu asiri a wannan tsananin da ake ciki. Ka jiƙan Luba da Goggo Hure da dukkan musulmi. Mu da muka rage, Ka kyautata ƙarshenmu. Amin.

Muhammadu Sani
Tsohon malamin firamare, Tudun Gawo